Darasi na 9: Jinyar Gwiwa a Gida Bayan Tiyata

Likita kan ɗauki awa 1 zuwa 2 yana cire wurin da ya cinye a gwiwa, ya sa na ƙarfe da roba. Daga nan sauran aikin ya dawo hannunka, kuma a gida za ka yi shi.

Babban abin tsoro shi ne gwiwar ta ƙage. Duk wanda aka yi wa wannan aiki zai so ya cusa filo a ƙarƙashin gwiwa, don nan ne yake jin sauƙi. Kada ka yi. Gwiwar da ta saba kwana a lanƙwashe takan ƙi miƙewa daga baya, mai ita ya dinga ɗingishi. Sa filon a ƙarƙashin diddige, ka bar ƙafar ta miƙe sambal. Za ka ji bayan gwiwa yana ja, wannan jan shi ake nema.

Don motsa jikin lanƙwasa gwiwa kuma, ka zauna a kujera mai ɗan tsayi, ka jawo diddige baya a hankali har ka ji gwiwar ta tsaya, ka riƙe kaɗan, ka saki. Yi yadda likitan gashin ƙashi ya nuna maka, kullum, musamman a makonni 6 na farko. Shan maganin rage raɗaɗi kafin motsa jikin yana taimakawa ƙwarai. Bayan ka gama, naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora minti 15 zuwa 20. Kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye.

Wajen hawa matakala, lafiyayyar ƙafa ce gaba. Wajen sauka, wadda aka yi wa aiki ce gaba, tare da sanda. A kwashe duk abin da zai sa ka tuntuɓe daga hanya, a bar fitila da dare.

Ana cire ɗinki bayan kamar mako 2. Kumburi kuwa yakan kai watanni, kada ya tayar maka da hankali. Cikakken ƙarfi na iya ɗaukar shekara guda.

Amma akwai abin da ba a jira a kansa. Idan zazzaɓi ya kama ka, ko wurin ɗinkin ya yi ja yana fitar da mugunya, ko naman bayan ƙwauri ya kumbura yana zafi da ciwo, kira likita a ranar. Idan numfashi ya fara yi maka wuya ko ƙirji ya riƙe, wataƙila gudan jini ne ya tafi huhu. A kai ka asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.