Yadda Ɗan Haya Zai Shirya Tun Kafin a Ce Masa Ya Tashi

A garuruwan karkara na Kano da Jigawa galibi da baki ake ƙulla haya, kuma masu zamanta su ne malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da aka turo daga nesa, da sababbin ma'aurata da ba su kai ga yin gini ba. Abubuwan da ke tayar da su sanannu ne: mai gida ya rasu magada su zo rabon gado, ko ɗansa ya tashi aure, ko a sayar da gidan, ko ruwa ya ci shi.

Shiri mafi muhimmanci ranar shiga gida ake yin sa. A rubuta yarjejeniya, da boko ko da ajami, a sa kuɗin haya da ranar da za ta ƙare da tsawon wa'adin da za a bayar kafin tashi, da wanda gyaran rufi ya rataya a wuyansa, sannan shaidu biyu su sa hannu, zai fi kyau a gaban mai unguwa. Mutane da yawa suna jin nauyin neman rasit daga dattijon da suke gaisarwa kullum, amma wannan kunya tana cutarwa, domin ranar da ya rasu, magadansa ba su san alkawarin da ya yi da baki ba. A mazhabar Malikiyya mutuwar mai gida ba ta warware hayar da aka ƙulla zuwa lokaci sananne, sai dai alƙali hujja yake nema. Haka kuma a galibin jihohin Najeriya, idan ba a rubuta wani sharaɗi dabam ba, mai biyan haya wata-wata yana da wa'adin wata 1, mai biya shekara-shekara kuma wata 6, kuma ba a fitar da kayan mutum waje sai da umarnin kotu.

Ruwa kuwa ba ya ba da wa'adi. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da Auyo da sauran garuruwan da ke bakin Kogin Haɗeja ya san haka. Kafin marka ta kankama a watan Agusta, a duba tsagewar bango da ruɓewar azara, musamman a ginin ƙasa, a kuma tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a bara. Takardun makaranta da katin zaɓe da takardar NIN da katin rigakafin yara a haɗa su cikin leda a rataye a sama, a ɗauki hotonsu a waya. Buhunan hatsi a ɗora su kan katako, ko a kai rabi ajiya gidan ɗan'uwa da ke kan tudu.

Sai kuɗi. A ware abin da zai isa hayar 'yan watanni da la'adar dillali da kuɗin a-kori-kura ko amalanke. Adashi yana da amfani, amma kwasarsa ba ta zuwa ranar da ake so, don haka tunkiya ko akuya da za a iya kaiwa kasuwa ranar da take ci ta fi shi saurin rufa asiri.

Maigida da uwargida su yanke shawara tun yanzu a kan gidan da iyali za su sauka na ɗan lokaci, a kuma sanar da masu gidan. Idan sanarwar tashi ta zo, kada a daina biyan haya don fushi, domin bashi yana raunana hujja. A fara kai magana wurin mai unguwa ko dagaci a nemi ƙarin lokaci, idan sulhu ya gagara a tafi kotu da takarda da rasit da shaidu.