Yadda ake seta hanyar sauti a kantirolar ripita, kar ka biye wa kunnenka

Jama'a, duk wanda ya taɓa haɗa ripita, wato tashar da ke karɓar maganar rediyo ta sake watsa ta don ta yi nisa, ya san cewa ɗaura eriya da duflesa (mai barin karɓa da watsawa su yi amfani da eriya ɗaya) ba shi ne ciwon kai ba, ciwon kan yana cikin ƙaramin akwatin nan na tsakiya wato kantirola, wadda ke karɓar sauti daga risiba mai karɓa ta miƙa wa tiransimita mai watsawa. Ni kaina na yi sati biyu ina murɗa sukurun ƙara ina zagin rediyo, ashe laifina ne. To ga yadda nake yi yanzu, amma fa sai mai lasisi da lambar kira ta 5N ta Najeriya, wanda ba shi da su ya tsaya a sauraro.

Kafin ka kunna komai ɗauki biro da takarda ka zana. Kantirola irin Arcom RC210 ko S-COM 7330 baki uku gare ta, kowane baki yana da sautin shiga, sautin fita, wayar COS mai cewa an shigo, wayar PTT mai kunna watsawa, sai at, wato wayar ƙasa. Baki na 1 shi ne ripitar kanta, dole sautin da ya shigo masa ya koma ya fita ta tiransimitansa, ai shi ne ma aikin. Baki na 2 in rediyon haɗi ne zuwa wata ripita, to kar ka kuskura ka mayar masa da sautinsa, nasa ya tafi baki na 1, na baki na 1 ya zo masa, shi ke nan. Wanda ya manta wannan zai ji PTT tana ta ƙyas-ƙyas ita kaɗai, ripita biyu suna tada juna har asuba.

Yanzu ga inda kowa ke faɗawa rami. A FM tiransimita tana ƙara wa siraran sautuka kaifi kafin ta watsa, 6 dB duk sanda firikwensi ya ninka, risiba kuma ta rage daidai wannan. Saboda haka sauti iri biyu ne a cikin risiba. Akwai ɗanye, wanda ka ɗebo kai tsaye daga diskiriminata, sashen da ke zaro sauti daga siginar FM, ba a rage masa kaifi ba, akwai dafaffe wanda an riga an rage an tace, irin wanda ke zuwa sifika. Ƙa'idar guda ɗaya ce, ɗanye ya shiga ƙofar ɗanye, dafaffe ya shiga ƙofar makirfo. In ka zuba ɗanye a ƙofar makirfo an ƙara kaifi sau biyu ke nan, murya ta koma kamar ana magana cikin gwangwanin madara, in kuwa ka kai dafaffe ƙofar ɗanye sai ka ji mutum kamar ya cusa kai cikin randa, kana jin gunji amma ba ka gane me yake faɗa. Kuma wallahi ba wani sukurun ƙara da zai gyara maka wannan, ko kwana za ka yi kana murɗawa.

Misali tsohuwar Motorola GM300 mai fil 16 a baya, irin da ake samu kwance. Fil 11 ne sautin risiba, kuma akwai jamfa, wato ɗan mahaɗin da ake sauya wa wuri, a ciki mai suna JU551 da ke zaɓar ɗanye ko dafaffe, sai ka buɗe ka gani da idonka don ba ka san hannun da ta biyo ba. Fil 2 makirfo, fil 5 ƙofar ɗanye, fil 3 PTT, fil 7 at, fil 8 kuma ana seta shi da kwamfuta ya zama COS. Ni dai na fi son in ɗebo ɗanye, kantirola ta rage kaifin da jamfarta, sannan in shigar ta fil 2, dalili kuwa hanyar makirfo tana da maƙura mai hana dibiyeshan, wato yawan karkatar da sauti ke yi wa firikwensi, wuce gona da iri, mai ihu a wokitoki ba zai fantsama tashar maƙwabta ba.

Masu AllStarLink, manhajar haɗa ripitoci ta intanet, a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi abu ɗaya ne, sai dai a rubuce yake cikin simpleusb.conf, ka duba deemphasis da preemphasis da plfilter, sannan carrierfrom, in ripita ta kama watsawa ba kowa ta yi shiru in an yi magana to ka juya COS ne, sauya usb zuwa usbinvert ko akasin haka.

Sai sautin CTCSS, ƙaramin gunjin nan irin 88.5 Hz da rediyo ke jira kafin ta buɗe sifika. Yana tare da ɗanyen sauti, dole a tace duk abin da ke ƙasa da 300 Hz kafin ya wuce, in ba haka ba ya haɗu da wanda tiransimita ke ƙirƙira su riƙa kokawa, rediyon mutane na buɗewa na rufewa. Lambobin DTMF, sautukan maɓallai da ake ba kantirola umarni da su, ma ka sa kantirola ta toshe su, kar kowa daga Kurna zuwa Hotoro a Kano ya ji lambar sirrinka.

Batun awo kuma, ka aro na'urar awo ko ka yi amfani da RTL-SDR, ƙaramar risibar da ake soka wa kwamfuta, sai dai ita karɓa kawai take yi, ba ta turawa. Tura wa risiba sautin 1 kHz a dibiyeshan 3 kHz, ka seta sukurun shiga tukuna, sannan na fita har tiransimita ta ba da 3 kHz cif, uku ya shiga uku ya fita. Maƙura ta tsaya kusa da 5 kHz har da CTCSS ɗin, shi kuma kamar 500 zuwa 750 Hz ya ishe shi. In tashar ƙunci kake yi ta 12.5 kHz raba duka biyu. Muryar sanarwa da ɗan ƙit ɗin bayan magana ka bar su ƙasa da muryar mutane, ba shagon kaset muke ba.

In har yanzu kana jin zuuu to 50 Hz ne na wutar NEPA ko janareta, ko kuma hayaniyar inbata, yawanci at biyu ne suka haɗu ta hanyoyi daban. Sa ƙaramar taransifoma 1:1 mai om 600 a layin sauti, yi amfani da waya mai garkuwa, ka gajarta ta. A zafin Afrilu na Kano kuma ka sake aunawa bayan akwatin ya yi awa guda yana aiki, sannan ka ɗiga ɗan man farce a kan kowane sukuru, ka rubuta lambobin a takarda ka manna cikin murfi.