Darasi na 6: Turancin da ke kan kwalin magani

Yaranmu da ke makaranta a nan Saudiyya tun aji ɗaya na firamare suke fara Turanci, tsarin da aka soma a 2021. Yaro da kunne yake ɗauka, bai ma san koyo yake yi ba. Babba kuwa, ko da furfurarsa ya zo Makka ko Jidda, ko a nan aka haife shi bai samu shiga aji ba, sai ya ga amfanin abu kafin ya zauna masa. Shi ya sa yau muka ɗauko kwalin magani. Kowane gida akwai shi, kuma kuskure a nan lafiyar mutum yake taɓawa.

Turanci daga hagu ake karanta shi zuwa dama, kamar Hausar boko, saɓanin Larabci da ajami. Lambobi ba su da wannan matsalar, don ko a Larabci daga hagu ake jera su. Siffarsu ce ke ruɗa mutum. Biyar ta Larabci (٥) ta yi kama da sifirin Turanci (0). Shida ta Larabci (٦) kuma, ido yakan ɗauke ta bakwai ce (7). Kada ku wuce nan da gaggawa. Ku rubuta 0 zuwa 9 a littafinku, ku sa ta Larabci ƙarƙashin kowace, ku yi ta maimaitawa har hannu ya saba.

Yanzu ku juya kwalin ku nemi haruffa uku: EXP. Abin da ke gabansu shi ne lokacin da wa'adin amfani da maganin zai ƙare. In kun ga EXP 03/2027, wata na uku ke nan, wato Maris, na shekarar 2027. Lissafin Miladiyya ne, ba na Hijira ba, saboda haka wata na uku a nan ba Rabi'ul Awwal ba ne. Wani kwalin yana ɗauke da MFG, lokacin da aka yi maganin. Shi ba ruwanku da shi sosai.

Akwai kuma mg, kamar 500 mg, ƙarfin ƙwayar ke nan. Kwalaye biyu masu suna ɗaya na iya bambanta a ƙarfi, don haka ku gwada lambar da wadda likita ya rubuta. In kun ga 25°C ko 30°C, zafin wurin ajiya ne, kada ya haura haka. Zafin Makka na wuce 40 lokacin bazara, kada a bar magani cikin mota.

Aikin gida: ku tattaro magungunan da ke ɗakinku. Ku kira ɗa ko jika, ku ce, "Zo ka saurari karatuna." Ku ne za ku karanta, shi gyara kawai zai yi. Maganin da lokacinsa ya wuce ku ware shi, ku nuna wa mai kantin magani. Ku kwafo EXP guda uku a littafinku, ku zo da su aji.