Babi na 6: Rage Tumbi, Rage Kuɗin Asibiti

Darasi na 1: Inda kuɗin ke tafiya

Iyayena da yayyena, a Garwa da Marwa da Ngaundere mutane da yawa suna ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata, amma kitsen da ke taruwa a ciki yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon sukari da hawan jini. Waɗannan cututtuka ba a shan maganinsu na kwana uku a huta kamar zazzaɓin cizon sauro. Mai su yakan sayi magani kowane wata, sau da yawa har ƙarshen rayuwarsa. Ga kuɗin ƙwayoyi, ga na gwajin jini, ga na mashin zuwa asibiti da dawowa, ga kuma yinin da aka rufe rumfa a kasuwa ana jiran likita. Idan ciwon ya lalata ƙoda, sau biyu ko uku ake wankinta a kowane mako, idan kuma ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, sai wani a gidan ya ajiye sana'arsa ya koma jinya.

Ku buɗe littafin rubutunku, ku rubuta abin da gidanku ke kashewa a kan irin wannan ciwo a wata ɗaya, sannan ku ninka shi sau 12. A ce sefa 6,000 ne a wata, to a shekara ya zama sefa 72,000. Ku yi lissafin sannu a hankali, babu mai korarku.

Darasi na 2: Awon ciki da igiya

Wannan awo ba ya bukatar sikeli. Ku samo igiyar da ba ta miƙewa idan an ja ta. Ku cire takalmi da hula ko ɗankwali, ku tsaya kyam a jikin bango, wani ya auna ku daga tsakiyar kai zuwa ƙasa, a yanke igiyar daidai tsawonku. Sai ku ninke ta gida biyu daidai wa daida, ku zagaya cikinku da ninkakkiyar igiyar. Idan bakin biyu sun haɗu, madalla. Idan ba su haɗu ba, zagayen cikinku ya wuce rabin tsawonku, kuma akwai abin ragewa.

A nan ne yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, don haka ku saurara da kyau. Ku sa yatsa ku laluba haƙarƙarinku na ƙarshe. Ku sa wani yatsan ku laluba saman ƙashin ƙugu. Tsakiyar waɗannan wurare biyu, wato wajen cibiya ko sama da ita kaɗan, nan igiya za ta bi. Kada ku sauke ta ƙarƙashin tumbi inda mazagin wando ke zama, domin a can kusan kowa igiyarsa haɗuwa take yi. Na sake faɗa: wajen cibiya. Kada kuma a auna a kan babbar riga ko a kan ƙullin zani. A jikin fata ake yi, ko a kan riga marar kauri, mata su auna mata, maza su auna maza.

Saura numfashi. Ku saki numfashi kamar yadda kuka saba, ku bar cikin ya sake, sannan a zagaya igiyar. Wanda bai samu a karon farko ba kada ya damu, ya sake laluba haƙarƙari, ya sake laluba ƙashin ƙugu, ya nemi tsakiya. Amma ku dattawan da kuke shanye ciki ku riƙe numfashi don igiya ta haɗu a gaban jama'a, ku daina, wannan ba girmanku ba ne, kuma aljihunku ne zai biya a wurin mai sayar da magani. Wajen cibiya, ciki a sake. Mai juna biyu da ƙananan yara ba a yi musu wannan awo.

Darasi na 3: Nawa za a rage

Ba a ce ku rame ba. Ku hau sikeli a asibiti, ku raba nauyinku gida 20, ku fara da rage kashi ɗaya: mai kilo 80 ya rage kilo 4, mai kilo 100 ya rage 5. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, da aka sa su rage nauyi su kuma yi motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100.

Darasi na 4: Abinci da tafiya

Ku rage sukarin shayi da na zoɓo, da lemon kwalba, da soye-soye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Ku yi tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako.

Darasi na 5: Magani

Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya daina don ya ga igiya ta haɗu, sai likitan ya ce. Kada ku sayi shayin rage ƙiba a bakin titi. Ku sake awon bayan wata ɗaya, ku rubuta ranar a littafinku.