Shekara ɗaya ina ɗaukar hira a Zariya, ga yadda za ka yi in kana son fara naka

Watan nan shirina na fodkas ya cika shekara, kuma tunda na fara kusan kullum sai wani ya min magana ta WhatsApp wai wane makirfo zai saya, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ga wanda bai sani ba, fodkas shirin murya ne kamar na rediyo amma a intanet yake, ka sauke ka ji sanda ka ga dama. Nawa hira ce zalla, ni da baƙo ɗaya, ba gidan rediyo a bayana ba mai ɗaukar nauyi. Maganar makirfo za mu zo kanta amma ba ita ce a gaba ba.

Kar ka je wurin mutum da na'ura ranar farko. Ni na yi wannan wautar da wani dattijo mai ɗinkin babbar riga a cikin birni, muna gama gaisawa na zaro waya na maƙala mishi makirfo, wallahi minti ashirin ba abin da na samu sai "to, alhamdulillahi" da "haka abin yake". Bayan sati na koma ba jaka ba komai sai ɗan goro, na zauna a zaure ina kallon yadda yake jan zare, shi da kanshi ya ɗauko wata riga yana nuna min bambancin aska biyu da aska takwas. Zuwa na uku muka ɗauka kuma har yau ita ce hirar da aka fi tura min saƙo a kanta. In da hali ka samu wanda zai kai ka, ɗansa ko yaron shagonsa ko mai unguwa. In kuma mace ce ta cikin gida to a nemi izinin maigida, ni ƙanwata nake ba wayar ta shiga, kuma gaskiya ta fi ni samo magana.

Tambaya kuma ka rabu da "ba mu taƙaitaccen tarihinka". Duk wanda ka ma wannan tambayar zai koma muryar rediyo ne, an haife ni a unguwa kaza na yi firamare a kaza, ka gama bacci. Ka tambayi rana ɗaya ko abu ɗaya. Ni cewa na yi, Baba, wa ya fara ba ku allura a hannu? Sai ga labarin kawunsa da irin dukan da ya sha kan ya ɓata shadda. Tambaya biyar ko shida ka rubuta a ƴar takarda ka sa a aljihu, kar ka riƙa karantawa a gabanshi. Amma ka yi bincike kafin ka je, in magini za ka zanta da shi ka san cewa Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina tsohon masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarim, in tsohon ma'aikacin Kamfanin Gaskiya ne ka san jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ta fara fitowa nan Zariya. Da ya ji ka san wani abu zai gyara zama, ko ya ce a'a yaro ba haka ba ne, to nan hira ta fara.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne yin shiru. Mu an tarbiyyantar da mu in babba na magana kana "na'am", "ƙwarai", "ikon Allah", kuma ladabi ne, amma ranar da na zauna gyaran hirata ta farko kunya ta kama ni, muryata ta hau kan kowace jimla tashi kuma ba ta yankuwa tunda tare suka shiga. Yanzu tun kafin in kunna nake cewa, Allah gafarta malam, za ku ga ina gyaɗa kai kawai, ba raini ba ne, na'urar ce ba ta son baki biyu. Sannan in ya kai aya kar ka yi tsalle zuwa tambaya ta gaba, ka ƙirga biyar a zuci. Shirun zai maka nauyi kamar ka yi laifi, daure, yawanci a nan ne mutum ke sauke numfashi ya ce "kai, akwai ma wani abu", kuma wannan wani abun shi ne shirin.

Sai wuri. Zariya ba ta san kana rikodin ba. In kana wajen Palladan ko Samaru ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgi za su yi ta zagaye a kanka, in a Sabon Gari ko PZ ne hon ɗin keke da janaretan maƙwabta, da damina ruwa ya sauka kan kwano shi ke nan an tashi. Ni hantsi na fi so, daga tara zuwa sha ɗaya da rabi, ka gama kafin lasifikokin azahar. Da ka shiga ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya, in ka ji amsa-kuwwa nemi wani, ɗaki mai labule da darduma da katifa ya fi falo mai tayil komai kyansa. Fanka a kashe ta ko ana zafi, ka ba da haƙuri.

To ga makirfon. Ɗan ƙaramin nan mai maƙalewa a wuyan riga ya isa, misalin tafin hannu ɗaya daga baki. Ka kula da shadda mai sitaci don tana ƙara in mutum ya motsa, haka carbi, ƙas-ƙas ɗinsa duk yana shiga. Ka rufe layin wayar kar kira ya katse ka, ka ɗauki minti ɗaya ka saurara da iyafis kafin a fara da gaske, kuma ka aje waya ta biyu a gefe tana ɗauka. Na taɓa rasa hirar awa guda saboda memori ya cika ban lura ba, ranar ko abinci ban iya ci ba.

Da ka kunna ka fara ɗaukar yardarsa da bakinsa cewa za a sa a intanet kowa ya ji, in an gama kuma ka tambaya ko akwai abin da yake so a cire. Inda ya kama sunan wani da mugun abu ni cirewa nake ko bai ce ba, garin ƙarami ne.

Gyara da manhajar gyaran sauti ta Audacity nake yi a kwamfuta, kyauta ce. Ka rage doguwar gaisuwa da tari, amma kar ka aske duk numfashi har mutum ya koma kamar inji. Wajen fitarwa ka tuna masu jinka data suke saya, fayil ɗin MP3 mai layin murya ɗaya a kan 64 kbps, wato ma'aunin ingancin sauti da nauyin fayil, ya wadatar ga magana, rabin awa bai wuce MB 15 ba, in ka sa 128 ya ninka. Ina ɗorawa a Spotify for Creators, wanda da ake kira Anchor, shi ma ba a biya, sai YouTube da hoto ɗaya. Amma in faɗa maka gaskiya yawancin masu ji na ta WhatsApp suke samu, wani ya tura ma wani, don haka ka yanko minti ɗaya mai daɗi ka sa a Facebook da sitatus ɗin WhatsApp. Asalin fayil ɗin kuma ka aje a wuri biyu, Google Drive na ba da GB 15 kyauta.

Kar ka yi alkawarin duk sati. Ni na yi, wata biyu na sare, na koma duk sati biyu. Ka tara uku a hannu kafin ka saki na farko, ka kuma tara na azumi tun a Sha'aban. Kuɗi kam ban samu ko sisi ba, kuɗin mota da data duk daga aljihuna.

In shiri ya fita ka koma ka kunna ma baƙon ya ji, kar ka tura ta hannun yara. Baba mai ɗinki a zaure muka ji tashi da almajiransa biyu, ya aje allura har aka gama, sai ya ce ashe haka muryata take, sannan ya ce ai na manta ban faɗa maka yadda muke kai riguna Kano a jirgin ƙasa ba. Na ce Baba in kunna? Ya ce kunna mana, amma bari a kashe fankar nan tukuna.