Jirgin wasa mai waya: kurakuran da ke sa shi cin ƙasa

Yan uwa masu tashin ƙaramin jirgin nan da ake riƙewa da waya biyu ana juyi da shi a fili, yawancin faɗuwar da nake gani a nan Garwa ba laifin jirgin bane, waya ce ke yin sako-sako. Da ta saki shikenan, maƙamar da ke hannunka, wadda kake karkatawa jirgi ya yi sama ko ƙasa, ta zama kwalliya.

Babban abin shine iska. Mutum zai tashi yin zobe ko takwas, wato ya sa jirgin ya zana da'ira ko lamba 8 a sama, yana fuskantar iska, ita kuma ta turo jirgin ciki wajensa, waya ta kwanta, sai dai ka ji tim. Kafin ka tashi ka ɗebi ƙasa ka watsa ka ga inda ta nufa, duk wani juyi ka yi shi lokacin da iskar ke bugun ƙeyarka. In ka ji waya na neman saki ja da baya da sauri, kar ka tsaya kamar an dasa ka. Ɗan nauyi a bakin fiffiken waje, wanda ke nesa da kai, ma na taimakawa. Ranar da hunturu ke kaɗawa da ƙarfi kuwa a haƙura kawai, ƙurar ma injin ba ya sonta.

Sai fizga. Sabon shiga yana karya wuyan hannu gaba ɗaya, jirgi ya rasa gudu a saman zoben ya rikito. Miƙe hannu, ka ɗaga shi tun daga kafaɗa a hankali, zoben farko ya zama babba, ƙanƙancewa sai daga baya.

Tashi a kife nan ake asara wallahi, don jan da ke sa jirgi ya yi sama shi ne yanzu ke kai shi ƙasa, tsoro na zuwa mutum ya ja sama yadda ya saba ya soka jirgin a turɓaya. Fara da takwas a kwance kana ƙara tsawon ɓangaren kifewar kaɗan kaɗan har ya kai zagaye guda. Kuma in tankin mai bai daidaita da injin ba, gudu zai canza da zarar ka kife.

Kowane zobe na murɗa wayoyin sau ɗaya, a warware bayan an sauka, a goge su da ƙyalle. A gasar F2B, rukunin gasar juyi da irin wannan jirgin, tsawonsu daga mita 15 ne zuwa 21.5, toh filin ƙwallo ya isa, amma dan Allah nesa da wayar lantarki, don wayoyin hannunka na ƙarfe ne, kuma a sa wani ya tsare yara kar su shigo da'irar.