Masu canza had disk, ku karanta kafin ku mayar da bakof

Salam 'yan uwa. Wannan ga wanda had disk ɗinsa ya mutu ya sayo sabo, kuma dama yana da system image na Windows (wato bakof ɗin da ya kwafi Windows ɗin gaba ɗaya da duk abin da ke cikinsa) ajiye a eksitanal had disk.

Na farko dai kar sabon ya gaza tsohon girma. In tsohon 500GB ne kai kuma ka sayo SSD (sabon nau'in disk) mai 256GB don ya fi sauri, to Windows zai ƙi, ko da kayan da ke ciki ba su kai 100GB ba, don shi girman fatishon (kason da aka raba disk ɗin) yake dubawa ba yawan fayil ba. Nan mutane da yawa ke maƙalewa suna zagin mai shago.

Sannan folda ɗin WindowsImageBackup, wanda bakof ɗin ke ciki, ka bar shi a farkon eksitanal ɗin, kar ka tura shi cikin wata folda ko ka canza masa suna, in ba haka ba Windows ba zai gan shi ba sam. Ka yi butin da filashin Windows (wato ka tayar da kwamfutar daga filashin da ake saka Windows da shi), ka danna Repair your computer, sai Troubleshoot, sai System Image Recovery. Ka lura kuma, hanyar butin iri biyu ce, UEFI da Legacy: in da UEFI aka yi bakof ɗin to da UEFI za ka buta filashin, ba Legacy ba.

Don Allah a jona caja ko inbata, in NEPA suka ɗauke wuta ana tsaka da aiki sai an faro daga farko. In sabon disk ɗin ya fi tsohon girma, ragowar filin ka ƙara shi a Disk Management (wurin sarrafa fatishon) bayan ka shiga Windows.